Tagar Radoyka

Tana tsakiyar niƙa gahawa na shigo. Ta matse ɗan injin tagullar tsakanin gwiwoyinta, tana juya mariƙinsa da hannun hagu, na daman kuwa yana kwance a cinyarta kamar baƙon da aka manta da shi. Kullum da hantsi haka nake tarar da ita, tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita a watan Fabrairu.

"Zauna, tsoho," in ji Radoyka, bakinta na ɗan ja gefe. "Numfasa a hankali. Zoritsa... za ta ce ka kawo iska."

Shekara arba'in muna maƙwabtaka a garin Chachak, ƙofa na kallon ƙofa. Talatin da huɗu daga ciki a gidan burodin bakin kasuwa ta yi su, tana jan kwaɓin fulawa a kan tebur har ya yi shara-shara, ana iya karanta jarida ta cikinsa. Da mijinta ya rasu, duk Asabar sai ta hau tudun maƙabarta da ƙafarta, ko da ƙanƙara na zuba. Wannan matar ce aka mayar tulin barguna.

Ciwon ya yi nasa ya wuce. Likitoci sun narkar da gudan jinin da ya toshe mata jijiya a ka, suka sallame ta da magunguna da takardar zuwa asibitin ruwan ɗumi na mako uku, inda ake sake koya wa ƙafa tafiya, hannu riƙo, harshe magana. Sun faɗa ba ɓoye-ɓoye: watannin farko su ne na aiki, gaɓar da aka bari ta kwanta sandarewa take yi. Ranar Juma'a wa'adin takardar zai cika.

Amma 'yarta Zoritsa ta riga ta kama mai laifi: promaya, iskar da ke ratsa gida. Ranar da abin ya faru ta tarar da tagar kicin a buɗe, ƙofar baranda ma a buɗe, wato iska ta ratsa ta tsakiya ta bugi Mama a ƙeya. Hawan jinin shekara ashirin ba shi da laifi. Gishirin kabeji mai tsami ba shi da laifi, haka ƙwayoyin da Radoyka take sha in ta ga dama. Iska! Mun ga yaƙi a ƙasar nan, mun ji ƙarar jirage a kanmu, amma taga da ƙofa a buɗe lokaci guda su ne ke kaɗa mana hanta.

Sai Zoritsa ta cusa tsummoki a jikin tagogi, ta naɗe uwar da gyale biyu a watan Mayu, ta hana ta taka ƙasa. Stanimir mai gashin ƙashi ya zo sau biyu. A zuwa na biyu ya buɗe taga saboda ɗakin ya cika da warin man zafi da miya. Ba a sake kiransa ba.

Zoritsa ta shigo da kwanon miya, ta tura ƙofa da diddige.

"Ina takardar?" na tambaye ta.

"Kawu Velimir, don Allah kada ka fara. A can tsoma ta za su yi a ruwa, su fito da ita da jiƙaƙƙen kai, su bi da ita ta dogon baranda mai ƙofa gaba da baya. So kake a dawo min da gawa?"

"Ke kuma so kike ki jiƙa ta a ganga kamar kabeji, sai hunturu a buɗe?"

"Uwata ce fa!"

"Na sani," in ji Radoyka. "Ina wurin... ranar da aka haife ki."

Ta ajiye injin. Wata uku ba ta haɗa doguwar magana ba. Na ga tana tattaro kalmomin ɗaya-ɗaya, kamar mai tsintar allurai a ƙasa.

"Ranar da na faɗi... tagar kicin a rufe take. Cokali ya faɗi daga hannuna. Hannun ya riga ya mutu. Sannan... na buɗe ta da na hagu. In yi ihu. A zo."

Zoritsa ta ajiye kwanon.

"Ko da haka ne, Mama, iskar ai ta ƙara..."

"Ke dai an yi sakarya. Kan ubanki kika ɗauko." Ta juyo gare ni. "Takardar tana bayan hoton waliyyi, a falo. Kullum nan take ɓoye abu, tun tana 'yar mitsitsiya. Miƙo min sandar can."

Na miƙa mata, na kawo hannu zan tallafe ta. Ta harare ni.

"Kai da gwiwarka ke kuka? Matsa."

Ta ture barguna. Sau biyu ta yunƙura tana komawa, a na uku ta miƙe. Ƙafar dama ta ƙi, ta ja ta, ta biyo. Gyale ɗaya ya zame ya faɗi, Zoritsa ta sunkuya za ta ɗauka.

"Bar shi. Nemo min takalmin fita."

Ta sa kan sanda ta tura ƙofar, ta fita.