Sarkin da Malam Ya Taɓa a Bagwai

Ba a sanin halin mutum a fagen yaƙi ko a gaban alƙali kamar yadda ake saninsa a gaban allon ces, wato darar Turawa. Wannan hikimar a Bagwai na samo ta, ranar Asabar ɗin da ta wuce.

Ana sallame asuba muka bar Minjibir, mu uku daga kulob ɗinmu. Gero ya kai kafaɗa hagu da dama, ruwan sama kuma ya cinye kwalta ya bar mana ramuka. Kuɗin mota ya ninka na bara, ƙosan tasha ya rame. Kujera ɗaya aka ba shiyyarmu a gasar jiha, ni ko Malam, tsohon hedimastan Bagwai wanda ya koya wa rabin ƙasar nan wasan, har da ni.

Shekara talatin salon buɗe wasansa ɗaya ne: ya tura sojan gaban sarauniya, sannan ya miƙa maka na gefensa kyauta. Duk wanda ya yi kwaɗayi ya sha wuya. Wata shida ina haddace maganinsa. Ba wanda ya gaya mini ya yi shanyewar ɓarin jiki da azumi.

A ajin firamare aka ajiye mu, rabinsa buhunan taki. Malam ya tura sojan farko lafiya. Da ya miƙa hannu ga na biyu, hannun ya yi rawa, ya karkace, ya damƙi sarki. Dokarmu, abin da ka taɓa shi za ka motsa, sai fa in ba da niyya ba ne. Alƙalin wasa, shi ma ɗalibinsa, ya dube ni. Kalma ɗaya ake jira daga bakina: in ce kuskure ne. Na tsura wa agogo ido.

"Bar shi," in ji Malam ga alƙalin. "Ni na koya masa dokar."

Ya fito da sarkinsa fili a motsi na biyu. Ban ko buƙaci haddata ba. A motsi na sha tara ya kwantar da sarkin alamar ya sallama, ya miƙo mini hannun hagu, ya ce a kawo wa baƙi ɗanwake. Na ci, ban ji ɗanɗanonsa ba.

A hanyar dawowa abokan tafiyata suka yi ta zancen farashin taki har Ungogo, ba wanda ya taya ni murna. Na koyi cewa shiru ma motsi ne, kuma ba a mayar da shi.

Ranar Litinin saƙo ya zo: an soke gasar jiha, ba a samu ɗaki ba.