Mun Sauke Eriyar Malam Garba

Watan jiya Malam Garba, abokina tun muna firamare, ya cika shekara bakwai da rasuwa. A watan ne kuma muka sauke eriyar da ya ɗaura da hannunsa.

Mu 'yan tsiraru ne a Azare masu sha'awar magana ta rediyo, irin oba-oba ɗin nan amma babba, mai kai murya har wata ƙasa. Shi ya koya mana bayan ya bar aikin waya. Duk Asabar bayan la'asar mukan haɗu a wani ɗaki bayan shagon Emeka mai kayan lantarki, mu kira duniya, wanda ya ji ya amsa. Fiye da shekara ashirin muna haka. Bana magadan mai gidan da ɗakin yake ciki suka sayar da gidan, mai saye ya ce shaguna zai gina, aka ba mu wata guda.

Gaskiya na ji tsoro. Ni aka bar wa ƙungiyar, mu biyar muka rage, kowa da furfura. Na san idan na'urar ta shiga kwali ta kwana biyu, ba mai sake fito da ita, kuma a hannuna abin zai mutu.

Malam ya sha gaya mana cewa ɗakin rediyo da kunne ake zaɓarsa. Don haka muka bi gari da ƙaramar rediyo, mun murɗa ta inda babu tasha, muna sauraren shuuu. Dillali ya kai mu wani ɗaki mai tayil da fanka. Ina kunnawa sai ƙara kamar ana suyar ƙosai, saboda masu cajin waya ne a maƙwabta. Haka muka ƙi ɗaki shida. A na bakwai ya tattara makullansa ya ce, "Alhaji, wai ɗaki kuke nema ko aljanu?"

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga Azare ta yau, sola a kan kowane rufi. Zai yi murna mutane sun samu wuta, wannan na tabbata. Sannan ya yi mita har magariba cewa sun cika masa sama da hayaniya, don mutum ne da ba ya barin mita ta wuce shi.

Emeka ne ya fid da mu. Bai taɓa riƙe makirfo ba, ashe duk shekarun nan yana jin mu ta bango. Ya ce, "Alhaji, ina da sito a gonata hanyar Misau. Ba wuta, ba maƙwabci, sai awaki. Ku je ku saurara." Muka je. Na kunna rediyo, shiru tas. Muka dubi juna muna dariya kamar yara.

Malam bai bar dukiya ba, kuma a cikinmu ba wanda ya gaji hannunsa a gyara. Abin da ya bar mana shi ne haƙurin saurare, da mutanen da ba mu taɓa ganin fuskarsu ba amma sun san sunayenmu.

Asabar da ta wuce muka ɗaura wayar eriyar tsakanin darbejiya biyu, muka jona batirin mota, na yi kira sau uku. Wani dattijo daga Kamaru, wanda suka shekara goma sha wani abu suna gaisawa da Malam, ya amsa. Ya ce makonni uku yana kiran Azare ba amsa, har ya yi mana addu'ar da ya yi wa Garba.

Na ce masa, "Allah ya karɓa, Malam, amma tamu ka ajiye tukuna. Ƙaura kawai muka yi."