Gwangwanin Madarar da Ba a Buɗe Ba

Cikin ranakun da na yi a wannan aiki, wadda ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da na hau dutse da ƙafata. Ku da kuka shigo kicin ɗin nan bana kun san ni da tukunya ne kawai, shi ya sa nake so ku ji.

Farkon shekarun dubu biyu ne, lokacin sanyi, ban daɗe da fara yi wa kamfanin nan girki ba. Ga wanda bai sani ba, aikinmu shi ne mu ɗauki baƙi masu son hawan dutse daga Njamena mu kai su ƙasar Gera, wajen Bitkin. Akwai shef, shi ne shugaban tafiya. Akwai ɗan jagora, dole ya zama ɗan ƙauyen. Akwai ɗan dako mai ɗaukar abincin rana. Sai mai girki, ita ba ta barin zango. Saboda haka ne ma Shef Abakar ya yarda in taho da ɗana Sani, wanda a lokacin ko rarrafe bai fara ba.

Da asuba ɗan dakonmu ya zura ƙafa a takalmi, kunama ta harbe shi. Baƙi sun riga sun ɗaure igiyar takalmansu. Shef ya dube shi, ya dubi kwandon abinci, ya dube ni.

"Rakiya, yau ke ce."

"Ni ce me, Shef?"

"Buredi ne da nama da filas ɗin shayi. Bai kai nauyin ɗanki ba."

"To shi ɗan nawa fa? In rataye shi a bishiya?"

Jimet, ɗan jagoranmu, ya ce ƙanwarsa Ashta tana goyo ita ma, za ta riƙe mini shi. Na kai Sani gidanta. Ba ta jin Hausa, sai muka yi da Larabcin gari. Na ajiye mata gwangwanin madarar gari da kwalbar shayarwa, na ce idan ya yi kuka ta ba shi laban, ina nufin madara. Na faɗa, na sake faɗa. Ta ce, "Afe, akti," wato lafiya lau, 'yar'uwata, ta tura ni waje tana dariya.

Ni haifaffiyar unguwar Klemat ce a Njamena, abu mafi tsawo da na taɓa hawa shi ne benen asibiti. Na ɗora kaya a ka yadda na saba, Jimet ya sauke. Ya ce a dutse ido na kan ƙafa, hannu biyu na kan dutse, kai ba ya ɗaukar komai. Suka ba ni jakar baya irin ta baƙi, tana ta zille mini. Na kwance majanyina na goya ta kamar yaro, sannan ta zauna.

Hanyar ba ta masu koyo ba ce. Da farko ƙaya da tsakuwa, daga nan manyan duwatsu kamar ɗakuna, wani a kan wani. Akwai inda za ka matse cikin tsaga da gefe, akwai inda sai ka sa gwiwa wani ya jawo ka. Dokar ita ce ba mai wuce Jimet, Shef kuma shi ne na ƙarshe. Cikin baƙin akwai wata tsohuwar Baturiya, kanta fari fat, tana hawa kamar akuya, kullum ita ke juyowa ta miƙo mini hannu. Jimet ba ya cewa komai sai "bishesh, bishesh," a hankali, a hankali.

Ni dai ƙafata ce a dutse, hankalina yana ƙasa. Ko ta tafasa ruwan? Ko ta san awon cokali? Duk kukan tsuntsu sai in ji kamar Sani ne. Wajen hantsi gaban rigata ya jiƙe da ruwan nono, na ja gyale na rufe. Sai na ji Shef yana dariya a bayana.

"Rakiya, filas ɗin ya yi barci, ki daina jijjiga shi."

Ashe tun ɗazu ina bubbuga jakar ban sani ba.

Kafin azahar muka kai sama. Na zuba wa kowa shayi, sannan na ɗaga kai. Ban taɓa sanin ƙasa tana da faɗi haka ba. Shaho yana shawagi a ƙarƙashinmu, mu ne a samansa! Ƙauyen ya koma kamar wake da aka baza a faifai. Jimet ya nuna mini rufin Ashta, ga hayaƙi yana tashi. Na ce ko ba komai ta hura wuta.

Sauka ta fi hawa wuya, wani wurin sai da zama. Na so in yi gaba, Jimet ya tare ni da sanda. "Idan kika karye a nan, wa zai shayar da shi gobe?" Na koma layi.

Bayan la'asar na faɗa gidan Ashta ko sallama ban gama ba. Abin da na fara gani shi ne gwangwanin, yana nan inda na ajiye shi, ba a ko ɓare murfinsa ba. Kwalbar ma a bushe.

"Ba ki ba shi ba? Tun safe?"

Ta ɗaga labule. Ga Sani kwance a tabarma kusa da jaririyarta, ciki ya yi tim, bakinsa yana motsi cikin barci.

"Kin ce laban," in ji ta, ta dafa ƙirjinta. "Na ba shi laban. Wancan ai gari ne, na ɗauka na kunun baƙi ne."

Mu a Hausa madara daban, nono daban. A Larabci kuwa duk laban ne. Na zauna a ƙasa, dariya da hawaye suka haɗe mini. Jimet ya leƙo ya ji abin da ya faru, ya ce, "Shi ke nan, kin yi asarar suruka. Ya sha nono ɗaya da 'yarta, yanzu ƙanwarsa ce, babu aure." Da na koma gida na gaya wa baban Sani, sai ya tambayi sunan yarinyar, ya ce a riƙe shi da kyau kada a manta. Zenaba sunanta. Har yau duk tafiyar Gera sai na kai musu sukari da ganyen shayi, Sani kuma ya aika wa ƙanwarsa da alewa.

Don haka idan za ku bar wa mutanen ƙauye saƙo, kada ku tsaya a baki, ku buɗe abin ku nuna da hannu. Amma kuma kada ku ji tsoronsu. Baƙi suna tafa wa wanda ya kai su sama, ni kuwa na san ba wanda ke hawa sai da wata a ƙasa ta riƙe masa abin da ya bari.