Tambayar da Lauya Ya Yi wa Inna

Daminar da katangar yamma ta gidanmu ta zube karo na biyu, na rantse ba zan ƙara yaɓa ƙasa a kan ƙasa ba. Gidan gado ne a Ƙofar Jatau, can cikin lungun da mota ba ta shiga, sai dai ka ajiye ta a bakin hanya ka taka da ƙafa. Mahaifinmu ya rasu shekara uku kafin nan, wajen farkon shekarun casa'in. Ƙanina yana aiki a Jos, ƙanwata tana aure a Funtuwa, ni kuma na riga na gina ɗan gidana na bulo a Gyallesu, har na ware ɗaki guda saboda Inna, mahaifiyarmu. Ita kaɗai ta rage a tsohon gidan, ita da awakinta biyu, ƙarƙashin soron da azararsa ta fara lanƙwasa. Duk sanda hadari ya haɗo ina ofis, sai in kasa aiki.

Na yanke shawarar a sayar da gidan, in ɗauko ta. Ƙannena suka aiko da wasiƙu sun yarda. Da na faɗa wa Inna sai ta ce to, abin da muka gani. Na ɗauki wannan "to" na zuba a aljihu na yi gaba, ban ko dubi fuskarta ba.

Ni ne babba a gidanmu, haka na tashi na sani. Amma akwai abin da abokaina suka daɗe suna yi mini tsiya a kai. Iyayensu mata ba sa faɗin sunan ɗan fari. Ko wani ne ya ambace shi a gabansu, sai su kau da kai, su ja mayafi, kamar ba su ji ba. Inna kuwa sunana take kira gatsau, daga tsakar gida har zaure ana ji. Yara su ce uwata ba ta kunyata. Da na shiga makaranta na yi boko sai na mai da abin alfahari, ina cewa ai Inna wayayyiya ce, ba ruwanta da al'adun nan na da. Har a ofis na sha ba da labarin, ana dariya.

Mai saye bai yi wuyar samu ba. Wani Alhaji ne mai sana'ar hatsi, daga wani ƙauye nan kusa, yana son ya dawo da iyalinsa cikin birni saboda karatun 'ya'yansa. Mutum ne mai sauƙin kai. Ranar da ya zo ganin gida ni na zagaya da shi, ina yabon kaya kamar dillali. Ya ce iyalinsa suna da yawa, masai ɗaya ba zai ishe su ba, sai ya haƙa wani. Bayan ɗakin Inna akwai wani ɗan lungu tsakaninsa da katanga, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, da itacen lalle a ciki da wasu duwatsu uku. Tun ina yaro kullum safiya sai Inna ta share shi ta yayyafa ruwa. Ba a ɗaure akuya a wurin, ba a zubar da ruwan wanke-wanke, kuma dukan da ta taɓa yi mini guda ɗaya a duniya don na yi fitsari a can ne. Mu a zatonmu lallenta take ji da shi. Na ja Alhaji har wurin, na buga ƙasa da takalmina na ce ga wuri nan, kamar don masai aka yi shi, a sare lallen kawai. Inna tana tsaye da tsintsiya a hannu.

Sai maganar takarda ta taso. A unguwarmu cinikin gida a zauren mai unguwa ake yinsa, da shaidu da goro da addu'a, wani lokaci a rubuta 'yar takarda da ajami. Ni kuwa ma'aikacin gwamnati ne, na ga rigingimun filaye da idona, na ce sai da lauya. Kuma ba kowane lauya ba. Na tashi takanas na tafi Kaduna wurin wani da ake ta faɗa, ofishinsa a bene, da na'urar sanyi da sakatariya. Ya karɓi takardar rabon gadonmu ta ajami da 'yan yatsu biyu, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ajiye. Ya ce ba damuwa, yana da rubutacciyar yarjejeniya da yake yi wa kowa, sunaye da unguwa kawai za a canza, in dawo bayan sati uku in karɓa. Na tambaye shi ko zai zo ya ga gidan. Ya yi murmushi ya ce takarda yake rubutawa, ba gini yake yi ba.

Wallahi a lokacin abin ya burge ni. Da sati ukun nan bai yi mini nisa ba, da shi zan ɗauka. Amma Alhaji yana son a gama kafin kaka ta kama shi da aiki, sai wani abokin aikina ya ce me ya kai ni Kaduna alhali ga lauya nan a Ƙofar Galadima. Na je ba da son raina ba. Ofishin nasa shago ne tsakanin wani tela da mai gyaran rediyo, da tebur ɗaya da tafireta da benci. Hular gashin nan tasu ta kotu kuwa a cikin gwangwanin biskit yake ajiye ta. Ga Vespa a jingine a ƙofa. Da muka gaisa sai na gane shi, ɗan wani magini ne da ya taɓa yi mana yaɓen zaure ina yaro. Na ce a raina, yau ni ne a gaban ɗan magini, ana ce masa Barista.

Ya karanta takardar ajamin nan tiryan-tiryan, har ya gyara mini wani wuri da na daɗe ina karantawa ba daidai ba. Sannan ya ce shi ba ya rubuta takardar gidan da bai shiga ba. Washegari ya zo da igiyar awo. Ya auna gabas ya auna yamma, ya cire takalmi ya hau soro ya duba inda kowane indararo yake zubar da ruwa, ya sauko ya zauna da maƙwabta ana ta tsohon zance, ya wuce wurin mai unguwa. Rana ta raba ina tsaye ina duba agogo. Raina ya ɓaci sosai, har na ce masa takarda na ce ya rubuta mini, ba tarihin unguwa ba. Ya ce in yi haƙuri, saura mutum ɗaya. Inna tana da tumuninta na gadon mijinta a gidan nan, sai ya ji daga bakinta.

Na ce ai ta riga ta ce to. Ya ce "to" ɗin tsohuwa iri-iri ne.

Muka shiga. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Ya durƙusa nesa kaɗan, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya faɗi ko ɗan wane ne shi. Fuskarta ta saki, ta yi wa mahaifinsa addu'a, ta ce yaɓensa ne har yau a zaure. Ni na jingina da bango kusa da turmi, ina jira a gama. Ya tambaye ta katangar gabas tamu ce ko ta maƙwabta, ta ce ta tarayya ce, ta faɗa masa wa da wa suka yi ta. Ya tambayi hanyar ruwa, ta nuna. Ya tambayi rijiya. Sai ya rage murya.

"Inna, akwai wanda yake kwance a gidan nan?"

Na kusa yin dariya. Na buɗe baki in ce masa maƙabarta tana bayan ganuwa, sai na ga hannun Inna ya tsaya a cikin faifai.

"Akwai," in ji ta.

"Ta wane gefe, Inna?"

"Wajen lallen nan. Kwana huɗu ta yi. Ba a kai ga suna ba."

"Allah ya sa mai ceto ce. Kafin Malam ne, ko bayansa?"

Malam ɗin ni yake nufi. Inna ta kau da kai wajen bango, ta ja mayafinta ta rufe gefen fuska, daidai yadda na sha ganin iyayen abokaina suna yi in an ambaci ɗan fari.

Ban san sanda na zauna a kan turmi ba. Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin, da mata da 'ya'ya biyar, kuma sai a ranar na ji ina da yaya. Ba a wata uwa duniya take ba, tana nan bayan ɗakin da aka haife ni, taku goma daga inda nake cin tuwo ina yaro. Sai takalmina ya faɗo mini a rai, da ƙarar da ya yi da na buga ƙasa, da kalmar da na faɗa, da Inna tsaye riƙe da tsintsiya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsoro ya kama ni, kunya ta kama ni, daga baya kuma haushi, na rasa wa zan ji haushinsa. Mahaifina ya mutu da maganar a cikinsa. Tsofaffin matan unguwa duk sun sani, ba wadda ta taɓa ko yi mini shaguɓe.

A zaure na tsare lauyan, na ce wa ya faɗa masa. Ya ce ba kowa. Tambaya ce da yake yi a kowane tsohon gida na cikin ganuwa, kuma ba a makarantar lauyoyi ya koye ta ba, wurin mahaifinsa ne. Magini ba ya sa diga a tsohon gida sai ya tambayi macen da ta fi kowa daɗewa a ciki, domin a da jaririn da ya koma kafin suna a cikin gida ake binne shi, kusa da ɗakin uwarsa. Maza su manta ko su mutu, uwa ita ke riƙe da wurin. Ya ce kuma in ta fari ce, ko wuƙa za a sa mata ba za ta fara ɗago maganar da kanta ba, sai in an tambaye ta. Na tuna yarjejeniyar Kaduna wadda sunaye da unguwa kawai ake canzawa.

Na koma ciki ni kaɗai, na tsugunna inda lauya ya tsugunna. Na ce Inna, an fasa, gidan nan ba za a sayar ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta, ta ce kada in yi wauta, soron nan ba zai ga wata damina ba, kuma ba ta son ta zama sanadin rigima tsakanina da ƙannena. "A sayar," in ji ta. "A dai bar wajen nan, kada a haƙa." Iyakar abin da take so ke nan, kuma wata biyu tana ɗauke da shi tana ramewa a gabana, ni ina cewa damina ce take sa ta zazzaɓi.

Na je wurin Alhaji ina zaton zai fasa ko ya nemi ragi. Yana jin maganar sai ya yi salati ya dafe kai. Ya ce su ma a ƙauyensu haka ake yi, akwai ƙaninsa a bayan rumbunsu, kuma da ya sa an haƙa wurin nan da bai ƙara samun kwanciyar rai a gidan ba. Da bakinsa ya ce zai kewaye lungun da 'yar katanga, ya bar lallen, Inna kuma ta shigo duk sanda ta so. Na ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Lauya ya ce ba ta ƙare ba. Alhaji mutumin kirki ne, amma gida yana daɗewa fiye da mai shi, wata rana magadansa za su sayar wa wanda bai san kowa ba. Sai an rubuta.

Ranar sa hannu muka taru a zauren mai unguwa da hantsi, da shaidu da goro, kamar yadda aka saba. Lauya ya karanta takardar da Turanci, yana fassarawa. Awo, iyaka, katangar tarayya, hanyar ruwa. Sai ya zo kan sharaɗi na ƙarshe, cewa lungun da ke bayan ɗakin kudu, wato ɗakin Inna, ba za a haƙa shi ba, ba za a yi gini a kansa ba, ko gidan ya koma hannun wa, domin a nan kabarin yayar mai sayarwa yake. Ba ta da suna, sai da ni aka kwatanta ta. Tsofaffin da ke zauren suka sunkuyar da kai, ba wanda ya yi mamaki, duk sun riga ni sani. Na sa hannu, na danna alƙalamin har ya huda takardar. Lauya ya ɗauki tawada ya shiga cikin gida da kansa, Inna ta dangwala yatsa.

Ranar tashi na kawo mota bakin hanya, muka yi ta jidar kaya ta cikin lungu. Inna ta share wajen lallen, ta yayyafa ruwa, ta jingine tsintsiyar a jikin bango ta bar ta nan. Ina zaure ina ɗaure tabarmi sai na ji ta ƙwala mini kira in zo in ɗauki randa. Sunana ta kira gatsau, kamar kullum, har maƙwabta suna ji. Na tsaya da igiya a hannu, hawaye suna zubo mini. Shekara arba'in da ɗaya tana faɗa mini ba ni ne na fari ba, ni kuma ina yawo da labarin a ofis ana dariya.

Ta sake kira. Na share fuska da hannun riga, na ce na'am, na shiga na ɗauko randar.