Hamdiyya ɗiyar maroƙi

Yayata Hamdiyya malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata a Ƙauran Namoda, kuma taurin kanta ko jaki ya san da zamansa. Mu 'ya'yan Ɗantani maroƙi ne na garin Ɗan Isa, mutumin da zai dubi mai akuya biyu ya kira shi mai garken da ya tsone wa duk garin Jangeru ido. Da wannan bakin ya ciyar da mu, ba na kunyar faɗa. Sai dai gadon ya bi Yaya har cikin aji: duk abin da ta yaba, sai a ce ai ɗiyar maroƙi ce.

Akwai wani lanƙwasasshen layi da take koyarwa, haifabola. Ba ta fara shi a allo. Sanda take kafawa a fili, 'yan mata su riƙa sa tsakuwa a kan bakin inuwar daga hantsi zuwa la'asar, sai ga layin ya fito da kansa. Takan gaya musu cewa sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa jifan da ya zarce, kuma daga kalmar nan ɗaya Turawa suka samo sunan zuzuta magana. Wato wuce gona da iri, in ji mu. Sai ta yi dariya ta ce ashe ita da Baba sana'arsu guda, bambancin kawai ita dole ta kawo hujja.

A ajin akwai Anisa, ɗiyar Alhaji Sabo mai awon hatsi. Yarinyar nan kanta na ja ƙwarai. Amma bayan girbin dawa uban ya ce karatun ya isa haka, ta zauna ta kama wa uwarta sana'ar man gyaɗa. Yaya ta yafa mayafi ta ce in raka ta.

A zaure ta durƙusa ta gaida shi, ta shiga bayani: ba ta taɓa koyar da mai kaifin Anisa ba, in aka bar ta injiniya za ta zama. Alhaji na ta murmushi yana gyaɗa kai. Da ta dire, ya sa hannu a aljihu ya miƙo mata kyauta, ya ce Allah ya yi albarka, bakin Ɗantani bai faɗi ƙasa ba. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa har zuciyarsa karamci ya yi, don a wurinsa roƙo aka zo.

Yaya ba ta karɓa ba. A gidanmu mayar da kyauta abin kunya ne babba, kuma kafin magariba labari ya kai wa Baba. Ya yi faɗa har muryarsa ta dishe. Ta bari ya gama, sannan ta roƙe shi abu guda: ranar Asabar ya zo ƙofar gidan Alhaji Sabo ya tsaya kawai.

Asabar da hantsi Yaya ta sa Alhaji ya zaɓi sanda da hannunsa. Ya ɗauko wata doguwar gora aka kafa a ƙofar gida. Anisa ta auna ta, ta duƙa ta yi lissafinta, ta ja layi a ƙasa da toka, ta ce bakin inuwa nan zai bi har la'asar. Yaya ta koma gefe ta kame bakinta. Ni da na san ta, na san shirun nan ya fi ƙarfinta, amma ta daure.

Masu zuwa awo suka fara tsayawa kallo. Azahar ta yi, inuwa na kan toka. Aka je masallaci aka dawo, tana nan tana bin lanƙwasar kamar an ɗaure ta. Alhaji ya daina murmushi. Can ya juya wajen Baba, wanda tun safe yake dogare da bango, ya ce:

"To Ɗantani, ga taro ya samu. Ba ka yi wa ɗiyar tawa kirari?"

Kowa ya gyara tsayuwa, don ba a taɓa tara mutum uku Baba ya bar su haka ba. Ya tako a hankali, ya dubi tokar, ya dubi yarinyar.

"Alhaji, ni aikina ƙari ne," in ji shi. "Wanga ban ga inda zan ƙara ba."

Ya saɓa rigarsa ya kama hanyar Ɗan Isa hannu wofi, abin da bai taɓa yi ba tunda nake. Alhaji ya daɗe yana kallon bayansa. Ranar Litinin shi da kansa ya ɗauko Anisa a babur ya sauke ta a ƙofar makaranta. Ya gaida Yaya, ya kira ta Malama, kuma hannunsa bai je kusa da aljihu ba.