Tafiyar Ƙanƙarar da Hajiya Ta Fasa

Shekarar da aka rushe mana gida a unguwar Nakkasa da ke Makka muka koma unguwar Ka'akiyya, babban ɗanmu ya zo daga Jidda da shawarar tafiya. Zai kai 'ya'yansa wani ƙauye a duwatsun Ostiriya, inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma ya ce ba zai tafi ba sai da ni da mahaifiyarsa. Ya lura da shirun da take yi tun da muka baro tsohuwar unguwa.

Ni na san irin wuraren. Na daɗe ina yi wa wani ɗan kasuwar darduma tafinta, na bi shi Istanbul, na bi shi Faransa da Jamus. Duwatsun Makka baƙaƙe ne, da rana ba ka iya dafa su. Na can farare ne, kuma akwai wani shiru a kansu da ban taɓa jin irinsa ba. Matata Hajiya kuwa tun da iyayenta suka shigo da ita tana yarinya, iyakarta Madina da Ɗa'if. Tun muna sabon aure nake ce mata wata rana sai ta taɓa ƙanƙarar nan da hannunta. Takan ce, "Ta cikin firij ma ta ishe ni."

Wannan karon ta yarda. Muka zauna da ɗana bayan la'asar muna zaɓen masauki: mai ɗakin girki, a hawan ƙasa saboda gwiwarta, kusa da keken nan mai rataye a igiya da ke hawa da mutane kan dutse. Na buga waya da Jamusancina da ya yi tsatsa, na tambayi mai gidan ta ina rana ke fitowa, don in san alƙibla. Hajiya ta je kasuwar Mansur ta sayo kuka da daddawa da yaji, ta ba tela abayarta ya buɗa ta yadda za ta hau kan rigar sanyi. Jikoki suna ta tsokanarta da Larabci, wai Sitti, wato kakarsu, za ta riga kowa gangarowa, amma a zaune.

Saura wata guda, labari ya zo cewa tsohuwar maƙwabciyarmu ta Nakkasa ta rasu. Ta fi shekara hamsin a Makka. Ta je Maraɗi bikin jikarta na mako biyu, a kwana na biyar ta cika, aka binne ta a can. A wurin ta'aziyya ba mutuwar ake yi wa kuka ba, wurin da ta same ta ake yi wa. Iyayenmu da ƙafa suka zo ƙasar nan, burinsu a sallace su a Harami a sa su a wannan ƙasa. Shi ya sa tsofaffinmu, da zarar furfura ta yi yawa, ba sa son kwana nesa da gari.

Washegari tana miƙo mini shayi ta ce, "Alhaji, in mutum ya mutu a can, yaya ake yi da shi?"

Na sani, domin na taɓa rasa abokin tafiya a Faransa. Kwana tara gawarsa tana ɗakin sanyi ana jiran takardu, ƙarshe aka sa shi a akwati. Da na so, da na ce ban sani ba. Na faɗa mata.

"Wa zai yi mini wanka?"

"Ana samun Musulmi."

"Ana samu," ta maimaita.

"Kwana goma ne fa kawai, Hajiya."

"Ita ma mako biyu ta ce."

Ɗanmu ya zo ya durƙusa a gabanta. "Yumma, lafiyarki ƙalau. Ajali ai ko a Ka'akiyya yana zuwa."

"To ya zo ya same ni a Ka'akiyya. Khalas, magana ta ƙare. Ka tafi da babanka, shi ya saba."

Ba ta dube ni ba da ta faɗi haka, kuma na gane abin da take tsoro: kada ni ma in mutu a can, a bar mata ni a wata ƙasa. Na ce masa ya cire sunayenmu duka biyu. Na yi kusan wata ba na yi mata magana sai ta dole, kuma har yau wannan watan yana damuna.

Bayan shekara uku ta rasu a ɗakinta. Aka sallace ta a Harami bayan la'asar, muka kai ta makwancinta kafin magariba.

Da sanyi ya zagayo, ɗana ya sake yi mini tayin tafiyar. Ba ni da wanda zan zauna dominsa, ƙafafuna kuma suna ɗaukata. Na ce ya ba ni kwana biyu. Na kwana ina lissafin nisan ƙauyen nan da maƙabartar da take, da safe na kira shi na ce ƙirjina ba zai jure sanyi ba. Ya ce, "To, Baba." Bai sake tambayata ba.