Gem ɗin da Na Kai wa Yaya

A lokacin hutun cin abincin rana na ga labarin a wayata. Ina aiki a teburin karɓar marasa lafiya na wani ƙaramin asibitin ido a unguwar Marylebone a London, kuma rabin awar nan ce kaɗai tawa a yini. Labarin ya ce wani kamfani ya farfaɗo da wani tsohon gem na kwamfuta da aka daina yi tun da daɗewa, da sabon zane da muryoyi. Da na ga hoton saurayin nan mai jar taguwa da igiya a kafaɗa, sai na ajiye cokali. Na san shi tun ina firamare.

Babanmu akawu ne a wani sashe na jami'a a Zariya. Ranar Asabar, idan aiki ya taru masa, yakan tafi da mu ofis, ni da yayana da ya girme ni da shekara huɗu. Kwamfuta ɗaya ce a ofishin, kuma wani malami ya bar gem ɗin a cikinta. Tatsuniya ce irin ta Turawa: ɗan masunci ne sarki ya aika ya nemo ƙararrawar gari da wata mayya ta sace. Akwai daji, akwai dodo a kogo, akwai wata akuya mai magana. Ba a gaggawa a cikinsa. Abin da kake so saurayin ya yi, sai ka rubuta da Turanci, ya ɗauki igiya ko ya buɗe ƙofa. Yaya ke rubutu, ni ke riƙe da ƙamus, muna ta musu. A bakin wani kogi muka maƙale. Akwai mai fito a wurin da ya ƙi ƙetarar da mu, mun ba shi kifi, mun ba shi zobe, har akuyar muka miƙa masa, ya ƙi. Muna nan a bakin kogin har Baba ya yi ritaya.

Yaya ya riga ni zuwa London da kusan shekara goma. Ya yi aiki a wani ofis kusa da Charing Cross, kuma ban taɓa ganin mai saurin buga rubutu kamarsa ba, yana bugawa yana kallonka yana yi maka gardama. Wata bakwai kafin in ga labarin nan ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo da taimakon sanda, hannu ya ƙi. Tun da aka sallame shi daga asibiti yake zaune a kujera ɗaya a flat ɗinsu na council, wato gidan haya na ƙaramar hukuma, a Edmonton, hawa na uku, yana kallon jiragen ƙasa na Overground suna wucewa. Mutumin da ko ka ce yau Talata sai ya nemi hujja, ya koma duk abin da aka ce masa sai ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ta fi hannun damuna.

Saboda haka na ɗora buri mai yawa a kan gem ɗin. Ban gaya wa kowa ba. Ranar Asabar na sayi burodi mai zafi a shagon Turkawan da ke ƙasan gidansu, na hau. Matarsa ta buɗe mini, ta ce sannu da zuwa, ta koma kicin. Na'urar gem ɗin 'yarsu tana nan ƙarƙashin talabijin tun da ta tafi jami'a, ƙura ta rufe ta.

"Yaya, ka tuna ɗan masunci?"

Ya ɗan juyo. "Mai akuya?"

"Sun dawo da shi."

"To," ya ce.

Na kunna na'urar, ta nemi kalmar sirri. Na kira 'yar, ba ta ɗauka ba. Na sake kira, ta ɗauka tana cikin hayaniya, ina yi mata Hausa tana ba ni amsa da Turanci, ta ba ni kalma uku, duka ba su yi ba. Sai da aka aika wata lamba wayarta, ta karanto mini, lambar ta mutu kafin in gama shigarwa, aka sake aika wata. Da na samu shiga, na'urar ta ce sai ta sabunta kanta. Ta gama, na sayi gem ɗin, ya fara sauka. Ya sauka, shi ma ya ce sai ya sabunta kansa. Muka yi azahar, muka ci abinci, layin da ke jikin talabijin yana tafiya kamar hawainiya. A nan ne ma na karanta cewa abin da na saya babi na ɗaya ne kawai, sauran za su fito daga baya, ba a faɗi yaushe ba.

"Auta, ki bar shi mana," Yaya ya ce.

"Saura kaɗan."

Sai bayan la'asar ya buɗe. Gaskiya ya yi kyau. Dajin da muka sani da ɗigo-ɗigon kore ya zama daji sosai, ganye na motsi, ruwa na ƙyalli. Na saci kallon Yaya, na ga ya gyara zama. Zuciyata ta yi fari. Na ɗauki fad ɗin, wato abin da ake riƙewa ana danna maɓallai, na ɗora masa a cinya.

Sai a lokacin na lura da abin da ya kamata in lura da shi tun a asibiti. Da hannu biyu ake riƙe fad. Babu wurin rubuta komai a sabon gem ɗin. Kuma ba a yi minti biyar ba dodo ya biyo ɗan masunci a guje cikin kogo, alamar maɓalli tana bayyana tana ɓacewa kafin ƙiftawar ido, in ba ka danna ba an cinye ka. Yaya ya danne fad ɗin da gwiwa, yana kai hannun hagu can ɓangaren dama, kafin ya isa an gama. Duk mutuwa kuma sai wata murya ta yi barkwanci a kai. Na farko ya ɗan murmusa. A na shida fad ɗin ya zame ya faɗi ƙasa. Na ɗauko na mayar masa. A na goma sha ɗaya bai ma miƙa hannu ba, ya bari dodon ya zo.

Na karɓa na shiga wurin gyare-gyare. Ana iya rage kiɗa, ana iya ƙara haske, ana iya canza harshen rubutu, har girman inuwa ana iya canzawa. Babu inda za a ce dodon ya rage gudu. Na bi jerin sau uku kamar zai canza. Daga ƙarshe na buga wurin da kaina, na wuce a karo na biyu, na ce, "Ga shi, mun fita."

"Madalla," ya ce, ya juya wajen taga.

Na kai kwanuka kicin. Matarsa ta rufe ƙofa a hankali, ta ce, "Kin tambaye shi kafin ki kawo?"

"So na yi in ba shi mamaki."

"Kullum physio mai yi masa gashi tana nuna masa abin da hannun ba ya iya yi. Yau kuma kin kawo masa talabijin ta nuna masa."

Maganar ba ta shige ni ba. Haushina ya tafi kan kamfanin. A cikin jirgi na rubuta musu dogon saƙo, na ce mu da muka yi wasan nan muna yara yanzu mun manyanta, wasu hannunsu na rawa, wasu ido ya yi rauni, don wa suka dawo da shi? Amsa ta zo nan take cewa an karɓi saƙona. Bayan kwana tara wata ta zo, suna godiya da irin ƙaunar da nake wa gem ɗin, za su miƙa shawarata ga waɗanda abin ya shafa. Na tambayi physio ɗinsa ko akwai fad na hannu ɗaya, ta ce akwai, amma ba ɓangarensu ba ne. Na yi odar wani ƙarfe da ake ɗaura fad a jikin kujera, ya zo, bai shiga hannun kujerar Yaya ba.

Asabar ta uku na zo da dabara. Na jawo kujera na zauna a damansa, na ce shi ya riƙe ɓangaren hagu yana tafiyar da saurayin, ni in riƙe na dama ina dannawa. Bai musa ba. Haka muka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, fad ɗin yana karkacewa tsakaninmu. Muka wuce dajin, muka sami akuyar, yanzu ta cika surutu. Idan ka tsaya minti ɗaya kana tunani sai ta gaya maka abin da za ka yi. Har muka iso kogin. Na gane shi tun daga nesa. Amma babu jirgin ruwa, babu mai fito. Gada suka gina, mai faɗi, da fitilu. Saurayin ya taka ya ƙetare.

Na saki fad ɗin. "Shekara nawa ina son in san abin da mutumin nan yake so. Shi ke nan sun cire shi?"

"An yi masa redundant," Yaya ya ce, wato an sallame shi daga aiki.

Na ci gaba da faɗa, ina cewa sun mai da mu yara, sun ɗauki suna sun zubar da abin, ba su bar wa mutum ko wurin yin tunani ba. Ina cikin yi ya ɗaga hannun hagu.

"Auta, kashe shi."

"Saura kaɗan mu gama babin."

"Na ce ki kashe." Na kashe. Ya daɗe yana haɗa maganar, don har yanzu in ransa ya ɓaci kalmomi na yi masa gardama. "Asabar uku kina zuwa gidan nan. Kin tambayi na'ura abin da take so, kin tambayi kamfani. Ni fa?"

Kunya da haushi suka kama ni. Na ce, "To me kake so?"

"Aski."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya ce wata bakwai matarsa ke yi masa aski da injin gida, a kujerar nan, da tawul a wuya kamar yaron goye. Shi shagon wanzaminsa yake so, can kan babban titi, tasha huɗu a bas. Ya faɗa sau biyu, an ce a bari ya ƙara ƙarfi, sai ya daina faɗa. Matarsa na tsaye a ƙofar kicin. Ta ce lif ɗin da ke hawa da mutane sama ya lalace tun Laraba, ta yi wa council waya sun ce sun yi booking mai gyara. Ya ce ai matakala ba ta lalace ba. Suka yi ta yi, ni ina tsakiya, har ta shiga ɗaki ta fito masa da jaket da hula ta ajiye a hannun kujera ba tare da ta dube mu ba.

Saukowa hawa uku ta ci mana kusan minti ashirin. Ina gabansa ina tafiya da baya, yana cewa in matsa ina tare masa hanya. Bas na farko ya cika, na biyu direban ya ja kafin Yaya ya zauna, na yi masa magana da ƙarfi, Yaya ya ce in rufa masa asiri. A shagon muka tarar da mutum biyar a layi. Wanzamin, wani Baturke mai furfura, ya bar kan da yake yi ya zo ya rungume shi, ya ce a ba shi kujera yanzu. Yaya ya ƙi, ya ce zai bi layi. Na zauna a benci tsakanin maza fiye da awa ɗaya, ina jin su suna gardamar ƙwallo, ƙafata na ciwo, ina tunanin hawa ukun da ke jiranmu.

Hawan ya fi saukar wuya. A hawa na biyu ya zauna a kan matakala yana haki, gumi na bin sabon askin, na tsorata na ce zan kira maƙwabci. Ya ce in na kira kowa kada in sake zuwa gidansa. Muka zauna nan har numfashinsa ya daidaita. Da muka shiga matarsa ta dubi kansa ta ce an rage gefen da yawa, ya ce haka ake yi yanzu, ta ce ba ga mai shekarunsa ba.

Babi na biyu ya fito bayan wata biyar, kamfanin ya turo mini saƙo. A lokacin 'yar ta zo hutu ta tafi da na'urarta, ni kuma ban sayi tawa ba. Duk bayan mako uku nake raka Yaya aski. An gyara lif ɗin, ya yi wata guda yana aiki, ya sake tsayawa, kuma yanzu ni ce ke kiran council a lokacin hutun cin abincina.